Yadda Ake Rubuta Tambayar da Rumbun Bayanai Zai Amsa da Sauri

A ce an damƙa maka rajistar cinikin dabbobi ta kasuwar Maigatari, mai ci duk ranar Alhamis, kuma bayanai sun taru har manhajar ta fara jan ƙafa. Kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, duba yadda ka rubuta tambayar. Fihirisa jeri ce a tsare, kamar sunaye bisa haruffa a littafin rajista, don haka ba ta da amfani sai ka nuna mata inda za ta fara.

Da farko sa EXPLAIN a gaban tambayarka ta MySQL. Idan ka ga ALL a ƙarƙashin type, rumbun yana bin layuka ne ɗaya bayan ɗaya. Sai ka nemo inda ka lulluɓe ginshiƙi da lissafi. YEAR(rana) = 2024 yana tilasta a lissafa shekarar kowane layi; rubuta rana >= '2024-01-01' AND rana < '2025-01-01', amsa ɗaya ce, amma fihirisa za ta faɗa daidai wurin. Haka LIKE 'Gagar%' ke samun Gagarawa nan take, LIKE '%rawa' kuwa sai an karance teburin duka. Abin da ya fi kama mutane a nan shi ne lambar waya. Saboda sifilin farko, a matsayin rubutu ake ajiye ta, to in ka neme ta ba tare da alamar zance ba, MySQL zai mai da kowace lamba adadi kafin ya gwada, ya bar fihirisar a gefe. In kuma fihirisarka ta haɗa ƙaramar hukuma da rana, ambaci ƙaramar hukumar, Gumel ce ko Sule Tankarkar, domin daga ginshiƙin hagu ake shiga.

Wani zai ce a sa wa kowane ginshiƙi fihirisa a huta. Ai kowace fihirisa sai an sabunta ta duk sanda aka shigar da ciniki, kuma ranar kasuwa shigarwa ce ta fi yawa. Wani kuma zai ce a sayi babbar na'ura. Za ta rage jira na ɗan lokaci, amma layuka na ƙaruwa kowane mako, tambayar kuma tana nan tana karance su duka. Gyara guda, ka sake EXPLAIN, ka duba ko adadin da ke ƙarƙashin rows ya sauka.