Daga Ina Kalmar "Bhat" Ta Samo Asali?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin "bhat" da ake kiran dafaffiyar shinkafa a Bangaladesh, ita ce dai ta jihar Assam a Indiya?

To malam, ita ce. Harsunan Bengali na Bangaladesh da Asamis na Assam duk gado suka ci daga harshen Sanskrit, inda kalmar take "bhakta". Aikatau ne, "bhaj", wato raba, aka mayar siffa: abin da aka raba, kason mutum. Sannu a hankali kason ya koma nufin abinci.

A Pali, harshen littattafan addinin Buddha, "k" ta narke cikin "t", aka samu "bhatta". Daga baya tagwayen baƙin suka zama ɗaya, wasalin farko ya ƙara tsawo, na ƙarshe ya faɗi. Haka kalmar bakwai ta yi: "sapta", "satta", "sat".

Nahawun ma ya yi sauƙi. A Pali kalmar suna ce mai jinsi na uku, ba namiji ba tamace. Bengali kuwa ya watsar da jinsi, sai ɗafi kawai: "bhate", a cikin shinkafa. Amma kada ka nemi "bhat" a kasuwar hatsi a birnin Dhaka na Bangaladesh, ɗanyar sunanta "chal".