Kwamfutar da Ke Tashi Garau da Safe, Ta Fara Jan Ƙafa da Azahar

Daga shagunan buga takardu na kewayen babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, har ɗakunan ɗalibai, kukan kusan ɗaya ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta tashi lafiya lau da safe, tana buɗe komai nan take, amma kafin azahar ta fara jan ƙafa. A danna harafi sai an jira kafin ya fito, bidiyo ya riƙa sarƙewa, fanka kuwa sai ƙugi. Mai ita ya kai ta wurin mai gyara, a ce masa ƙwayar cuta ce ta shige ta, a share komai a sake zuba Windows. Ya biya, ya koma gida. Ba a rufa mako ba ciwon ya dawo, wasu takardunsa kuma sun tafi ke nan.

Sharewar ba ta yi magani ba saboda yawanci ba can matsalar take ba. Kwamfutar da ke da nauyi tun daga kunnawa daban, wadda ke fara aiki da ƙarfi sannan ta riƙa sanyin jiki daban. Ta biyun tana nuna akwai abin da ke taruwa a cikinta yayin da ake aiki, kuma galibi ɗayan biyu ne: ko zafi, ko kayan da ke cika ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM. A Garwa kuwa zafi ake fara tuhuma.

Dalilin yana rubuce a takardun masu ƙera injunan. HP da Dell da Lenovo da Apple, a yawancin kwamfutocinsu, sun sa digiri 35 na ma'aunin Salsiyas a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki a ciki. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, inda zafin rana a watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuma ya fi haka. Ke nan a bazara sabuwar kwamfuta fil ma tana aiki ne a wajen yanayin da aka ƙera ta dominsa. Fankar da ke cikinta ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take zuƙowa ta hura a kan siraran ƙarafan da bututun tagulla ke kawo wa zafin furosesa, ƙwaƙwalwar injin. In iskar da ta shigo da zafinta ta zo, kaɗan za ta iya kwashewa.

Furosesa tana da ma'aunin zafi a jikinta. A yawancin na Intel, da zarar ta doshi digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Abin da direban babbar mota ke yi ne a hawan dutsen Ngaundare: ya sauko da giya ya bi a hankali, gudun kada injin ya tafasa. Shi ya sa nauyin ba ya zuwa lokaci ɗaya. Mintocin farko ƙarfen yana da sanyi, injin yana gudu da dukkan ƙarfinsa, daga nan zafi ya yi ta hauhawa, gudu ya yi ta sauka.

Sai ga hunturu da nasa kason. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura mai laushi, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, fankar kuma tana zuƙar ta ba dare ba rana. Ƙurar takan haɗu da zaren tufafi da gashi ta dunƙule a bakin ƙarafan da iska ke fita, ta toshe su ruf. Hazo na yayewa bazara ta shigo, ta tarar da hanyar numfashi a rufe. A kan wannan kuma, da yawa daga kwamfutocin da ke hannun mutane na hannu ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso ta Duwala ko ta iyakar Najeriya. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya daɗe da bushewa a yawancinsu.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Idan nauyin ya zo, a sake kunna kwamfutar nan take, ba tare da an bar ta ta huta ba. In ta dawo garau ta ɗauki lokaci tana aiki lafiya, to matsalar ta manhaja ce da RAM. In kuwa ta tashi da nauyinta, ko ta koma cikin mintoci kaɗan, a kashe ta gaba ɗaya a bar ta rabin sa'a a inuwa. Wadda hutu kaɗai ke farfaɗo da ita, zafi ne ke damun ta.

Mai son ya gani da idonsa sai ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Tagar da za ta buɗe ita ce Task Manager, ko Gestionnaire des tâches ga masu Windows na Faransanci, waɗanda su ne mafi rinjaye a garin. A shafin da ke nuna ƙoƙarin injin akwai gudun furosesa. Wadda aka ƙera ta yi 2.4 GHz ko fiye, in an gan ta maƙale a 0.79 ko ƙasa da haka alhali ana cikin aiki, an taka mata birki ne. Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin kansa. Digiri 45 zuwa 60 a lokacin da ba a komai abu ne da aka saba gani. Wadda ke zaune sama da 90 kan buga wasiƙa kawai, tana neman agaji.

Agajin farko shi ne wurin zama. Mafi yawan injunan ta ƙasa suke shaƙar iska, don haka katifa da matashi da darduma da cinya duk toshe su suke yi. A ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, a ɗaga bayanta da ɗan katako kamar yatsa biyu, a juyo mata fankar ɗaki. Aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyon biki ko sabunta Windows, a bar shi sai bayan isha'i ko da asuba. Akwai kuma wata dabara da ke amfani a injuna da yawa: a cikin saitin wuta, Options d'alimentation, a nemi iyakar ƙarfin furosesa a mai da ita 99 daga 100. Wannan yana hana ta zaburar da ke haifar da mafi yawan zafin. Za ta ɗan rage kuzari, amma gudu matsakaici da ke ɗorewa har la'asar ya fi zabura ta minti goma.

Sai sharar ciki, kuma nan ne ake yawan ɓarna. Wasu kan kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar taya. Wannan iska ta yi ƙarfi da yawa, tana iya zuwa da ruwa ko mai, kuma tana juya fankar fiye da ƙima har ta lalace. Hurawa daga waje ma sau da yawa cusa dunƙulen take yi ciki. Aikin ƙwarai shi ne a kashe injin, a cire caja, a buɗe murfin ƙasa, a zare igiyar batir, a riƙe fankar da yatsa, a cire dattin da burushi mai laushi, sannan a goge tsohon man a shafa sabo ɗan kaɗan. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya faɗa masa ƙarara cewa shara da canjin mai yake so, ba share Windows ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa, kafin zafi ya kankama. Firji kuwa ba wurin kwamfuta ba ne: raɓar da za ta taru a cikinta bayan an fito da ita ta fi zafin illa.

Haka nan masu rufe murfi su jefa ta a jaka su haye babur. Wasu injunan ba sa yin barci sosai in an rufe su, sai su yi ta aiki a cikin jaka ba iska, a isa da su kamar an ciro daga murhu. A kashe ta kafin a fita.

Idan gwajin ya nuna RAM ce, labarin ya fi sauƙi. Kowane shafi da aka buɗe a Chrome yana cin nasa rabon, WhatsApp da YouTube da Facebook kuma ba ƙananan maciya ba ne. Wata manhajar ma takan karɓi wuri ta ƙi sakinsa, ta yi ta kumbura har ta cinye komai. Da RAM ta cika, Windows sai ta koma ajiye abubuwa a faifai, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba, musamman tsohon faifai mai juyawa. Alamar ita ce a ga a Task Manager ma'ajiyar ta haura kashi 90, faifai kuma ya tsaya a 100. A jera manhajojin bisa yawan abin da suka ci, a rufe ta sama, a kunna tsarin tsimin ma'ajiya da ke cikin saitin Chrome, a kashe tarkacen da ke tashi tare da Windows.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tun Windows 8, umarnin kashewa ba ya wanke komai, domin tsarin saurin tashi yana adana wani ɓangare ya dawo da shi gobe. Redémarrer, sake kunnawa, shi ne ke farawa daga tushe.

Wani injin kuma ƙarfinsa ke nan. Kwamfutocin PB HEV guda 500,000 da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban manyan makarantu a ƙarshen 2017 sun zo da wurin ajiya na 32 GB kacal, wanda Windows da sabunte-sabuntenta ke kusan cinyewa. Irin waɗannan sai dai a rage musu kaya, a kwashe hotuna da bidiyo zuwa katin ajiya. Ga sauran, 4 GB na RAM shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma da ƙyar take numfashi a ciki. Tun da Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, an yi ta cusa wa tsofaffin injuna sabon tsarin da ya fi ƙarfinsu. Ƙara RAM zuwa 8 GB da sauya tsohon faifai da SSD su ne kashe kuɗin da ake ganin amfaninsa a ranar.

Wutar lantarki ma tana da hannu. Yankunan arewacin Kamaru uku sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwanta ya ja baya ana jin abin a gidaje, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Guider sun kawo ɗan sauƙi. Da an ɗauke wuta, kwamfuta takan koma tsimin batir ta rage gudu, ta ƙara ragewa in caji ya sauka kusan kashi 20. Wannan ba ciwo ba ne, saiti ne, ana iya sauya shi. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne caja. Injin da ke buƙatar wat 65 in aka ba shi mai 45, ko jabu, zai iya rage gudu ko batirinsa ya riƙa sauka alhali yana jone. Injunan Dell suna tantance cajarsu ta siririn tsinken da ke tsakiyar kanta. In ba su gane ta ba, sukan rage gudu su ƙi yin caji. A duba lambar wat da ke jikin caja, a ari ta asali a gwada.

Ƙwayar cuta fa? Tana nan, amma a ƙarshen layi take. Manhajojin sata da ake zubawa kyauta wasu kan zo da ɓoyayyen shiri mai haƙar kuɗin intanet, ya sa furosesa aiki tuƙuru ko ba a taɓa injin ba. In fanka na ihu alhali ba abin da ke buɗe, a yi cikakken bincike da Microsoft Defender. Manhajar tsaro ɗaya ta isa, biyu faɗa suke yi da juna, injin ya biya kuɗin sulhu.

Alamu biyu ne ba a jinkiri a kansu. In faifai ya fara ƙas-ƙas, ko manhajar CrystalDiskInfo ta nuna gargaɗi mai ruwan ɗorawa, a kwashe takardu zuwa wani wuri a ranar, kafin kowane gyara. In kuma madannai ko wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, abin da zafi ke gaggautawa. A cire caja, a daina amfani da injin, kada a danna batirin ko a huda shi, a kai a sauya shi.