Laƙabi da Shiga a Sana'ar Makaɗa da 'Yan Wasan Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, amma kaɗan ne za su iya kawo sunayensu na yanka. Wannan maƙala za ta duba yadda laƙabi yake danne suna, da abin da hakan yake nunawa game da sana'ar.

A Turai da Amurka, ɗan wasa kan sake suna ne don ya rabu da asalinsa. Alal misali, a 1946 Norma Jeane ta koma Marilyn Monroe a Holiwud, gashinta ma an rine shi. Makaɗin Hausa na gargajiya kuwa ba haka ba ne. Ba shi yake zaɓen laƙabinsa ba, jama'a ke laƙa masa, kuma galibi laƙabin ƙara ɗaure shi yake yi da gidan da ya fito. Muhammadu Bawa ya zama Ɗan Anace saboda kawunsa Anace da ya rene shi. Musa na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya gaji sunan Ɗanƙwairo daga wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya. Ibrahim na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ana danganta nasa da wata karyarsa mai suna Rambaɗa. A ganina, da mutum ne yake zaɓar wa kansa, da wuya babban makaɗin fada ya ɗauki sunan karya. Haka Adamu Wayya, maraicinsa ne ya mai da shi Ɗan Maraya Jos.

Shiga ma daga hannun wani take zuwa. Babbar riga da doki kyautar ubangida ce, rawani kuma sai an naɗa makaɗi sarauta, kamar yadda Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi.

Zuwan rediyo da talabijin shi ya juya al'amarin. A nan akan ƙirƙiro suna da sutura tare, domin wasa kawai. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya sa kaki ya zama Samanja Mazan Fama, har Hausarsa ya karya ta koma ta bariki. Daga baya, a finafinan Kano, Rabilu Musa ya shiga rigar Ibro, bai kuwa fita daga cikinta ba a idon jama'a har rasuwarsa a 2014. Bambancin a fili yake: Narambaɗa mutum ɗaya ne a gida da fada, amma Samanja halitta ce dabam da Usman, mai nata hali da nata harshe.

Saboda haka ɗalibin da ya fita tattara waƙoƙi a ƙauyuka irin su 'Yargalma, ya kamata ya rubuta sunan yankan makaɗi, da laƙabinsa, da wanda ya laƙa masa shi, tun dattawan da suka san dalilin suna raye.