A Ba Yara Layi Na Awa Biyu: Yadda Za Ka Fara A Unguwar Kongo Ta Zariya

Mutanen Zariya sun san yadda ake sakar wa jama'a titi. Ranar Hawan Sallah da ta Hawan Daushe, motoci kan ja baya, dawaki da 'yan kallo su cika hanyar fadar Sarkin Zazzau. A unguwa ma, in ana ɗaurin aure ko zaman makoki, akan gitta benci a bakin layi, kowa ya zagaya. To me zai hana a yi wa yara haka, su samu awa biyu suna tuƙa keke ba fargabar babur?

Birnin Bogota na Kolombiya ya fara irin wannan tun 1974. Yau duk Lahadi ana hana motoci bin tituna masu tsawon fiye da kilomita 100, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana. Kigali ta bi sahu a 2016, Addis Ababa a 2018. Kai kuwa layi ɗaya ya ishe ka. Ga yadda za ka yi.

1. Zaɓi layin. Gobe da safe ka zagaya unguwa da ƙafa. Manta da babban titin da ke kai ɗalibai Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo, da wanda ya tashi daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka. Nemi layin cikin unguwa wanda ke da wani a gefensa da masu mota za su bi. Kada ya zama hanyar asibiti ko kasuwa.

2. Bi gida-gida. Fara da waɗanda abin zai taɓa: mai shago, mai shayi, mai ajiye mota a ƙofar gida, 'yan acaɓar da ke tsayawa a kwanar. Faɗa musu rana da lokaci, ka ji damuwarsu. Wanda ya yarda ya sa hannu a takarda.

3. Nemi izini a rubuce. Ku je wurin mai unguwa ku uku ko huɗu, da dattijo a cikinku. Shi zai nuna muku ko sai an kai ga dagaci ko hakimi. Daga nan ku rubuta wa DPO da ofishin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KASTLEA, ku faɗi sunan layi, rana, da lokacin rufewa da buɗewa. Riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Tare hanya ba izini laifi ne, don haka ko benci ɗaya kada a gitta kafin amsa ta zo.

4. Tsayar da lokaci. Tambayi malaman Islamiyya ranar da ba karatu, ka kuma kauce wa lokacin Juma'a da na zuwa coci ranar Lahadi. Bayan La'asar zuwa dab da Magariba ya fi sauƙi, musamman a watannin Maris da Afrilu da rana ke ƙuna. Fara da sau ɗaya a wata.

5. Sa masu gadin bakin layi. Kowane bakin layi ya samu manya biyu sanye da riga mai ɗaukar ido. Shingen ya zama na benci da igiya, abin da mutum ɗaya zai janye nan take. Mara lafiya, mai naƙuda, masu ɗauke da gawa da 'yan kwana-kwana ba sa jira. Mazaunin layin da ya dawo da babur ya kashe, ya tura shi zuwa gida. Gayyaci 'yan agajin masallaci su zo da akwatin magani.

6. Tara kekuna. Ba kowane yaro ke da keke ba. Yi magana da mai bayar da hayar keke ya yi muku ragi, masu keke a gida kuma su bayar da aro. Kira mai gyara ya zo da famfo da kayan faci. Keken da birkinsa ba ya kamawa, a ajiye shi gefe. A yi layi, kowa ya yi zagaye uku ya miƙa wa na bayansa.

7. Raba filin. Zana iyaka da alli ko toka. Gefe ɗaya na masu keke, gefe ɗaya na ƙananan da ke koyo. Ware wa 'yan mata wurinsu na keke, 'yar gala-gala da tsallen igiya, iyaye mata biyu su kula da su, don nan ne iyaye za su fi sakin jiki su bar su fita. Dattawa a shimfiɗa musu tabarma a inuwa su buga dara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, babba kuma minti 150 a mako, saboda haka kai ma ka hau.

8. Kada a kashe kuɗi da yawa. Karo-karon ruwan sha da igiya ya wadatar. Ban da hoton ɗan siyasa, ban da lasifika mai hana maƙwabta sakat. Da zarar taron ya zama na jam'iyya, rabin layin zai janye 'ya'yansa.

9. Buɗe a kan lokaci. In ka ce ƙarfe 6, to ƙarfe 6 a janye benci, a share layin tas. Washegari ka koma wurin mai unguwa da godiya, ka bi masu shaguna ka tambayi abin da ya dame su. Cika alkawarin nan shi zai samo maka izinin wata mai zuwa.

Kana neman ranar farawa? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma ambatonta a takardar neman izini zai ƙara mata nauyi. Ba da tazarar wata guda don shiri. Daren yau ka kira maƙwabta biyu da kake jin maganarsu, ku sa lokacin da za ku zagaya unguwar gobe.