BAYAN AN CIRE HAƘORI: YADDA GURBI KE WARKEWA DA MATSALOLIN DA KAN BIYO BAYA

Gabatarwa

Wanda haƙori ya taɓa hana shi barci ya san cewa ranar da aka cire masa shi ranar farin ciki ce. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka da zarar haƙori ya fita to magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Aikin likita yakan ɗauki 'yan mintoci, amma warkewar gurbin yakan ɗauki makonni, kuma a gida ake yin ta, inda babu likita.

Wannan batu ya fi shafar mutanen da ke nesa da asibiti. Mu ɗauki misalin manomi daga Miga, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse a Jihar Jigawa. Ya yi sammako ya tafi Dutse, an cire masa haƙori, ya dawo gida da yamma. Idan jini ya ɓalle masa cikin dare, ko fuska ta kumbura bayan kwana uku, musamman da damina lokacin da ruwa ke ɓata hanyoyin wannan yanki, abin da ya sani shi ne zai taimake shi kafin ya kai ga likita. A wannan darasi za mu duba yadda gurbin haƙori ke warkewa, da abin da ya kamata a yi, da alamomin da ke nuna cewa lallai a koma asibiti.

Yadda gurbi ke warkewa

Baligi yana da haƙora 32, yaro kuwa yana da na nono guda 20. Kowane haƙori yana da saiwa wadda ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma ya lulluɓe ta. Idan aka cire haƙori, sai a bar rami a cikin ƙashi, wato gurbi, ƙananan hanyoyin jini kuma su tsinke.

Nan take jiki ke fara gyara. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet sukan taru a bakin raunin su manne da juna. Daga nan sai wani sinadari mai suna fibirin ya yi zare-zare a kansu kamar tarun masunta, ya kama sauran ƙwayoyin jini. Abin da ya haɗu shi ne gudan jini, wanda ke cika gurbin ya toshe shi.

Wannan guda yana da amfani uku. Yana tsayar da jini, yana rufe ƙashi da jijiyoyi daga iska da abinci da ƙwayoyin cuta, sannan a cikinsa ne sabuwar tsoka ke tsirowa. Dasashi yakan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ƙashi yakan ɗauki watanni kafin ya cike ramin. Duk shawarwarin da likita ke bayarwa a ranar farko manufarsu ɗaya ce: kada gudan jinin nan ya fita.

Awa 24 na farko

1. A cije audugar da likita ya sa da ɗan ƙarfi har tsawon minti 30, ba tare da surutu ko leƙawa ba.
2. Kada a kurkure baki da ƙarfi, kada a riƙa tofar da yawu, kada kuma a zuƙi abin sha da tsinke. Duk waɗannan sukan tumɓuke gudan. Wajen alwala, ya isa a ɗan sa ruwa a baki a sunkuya ya zuba da kansa. Kurkurar baki tana cikin sunnonin alwala ne a mazhabar Malikiyya.
3. Kada a taɓa gurbin da harshe ko yatsa ko tsinken sakace.
4. A guji abinci mai zafi. Kunu ko koko da ya huce, da fura da nono, da ayaba, da dafaffen ƙwai sun wadatar. Rake da aya da ƙuli-ƙuli da kilishi da goro su dakata sai bayan wasu kwanaki.
5. A huta. Noma da faskare da jan ruwa a rijiya sukan sa jini ya dawo. In za a kwanta, a ɗaga kai da matashi.
6. A bar sigari da taba gari aƙalla kwana uku, in ma an daɗe ya fi.

Allurar kashe zafi da aka fi amfani da ita, wato lidoken, wadda masani Nils Löfgren ya haɗa a ƙasar Suwidin a shekarar 1943, takan bar leɓe da harshe a mace na awa biyu zuwa huɗu. A wannan lokaci mutum na iya cizon leɓensa ko ya ƙona bakinsa bai ji ba. Iyaye su sa wa yara ido sosai a kan wannan.

Bayan awa 24, sai a fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da aka zuba wa gishiri rabin ƙaramin cokali, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. A ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko aswaki, a kauce wa gurbin.

Idan jini ya ƙi tsayawa

Ganin ɗan ja-ja a cikin yawu a ranar farko ba abin damuwa ba ne, domin ɗigon jini kaɗan yakan rina yawu mai yawa. Amma idan jini na cika baki, sai mutum ya zauna a miƙe, ya naɗe auduga ko tsabtataccen ƙyalle, ya ɗan jiƙa shi, ya ɗora a kan gurbin daidai, ya cije na minti 30. Jiƙaƙƙen ƙunshin ganyen shayi ma yana taimakawa, saboda sinadarin tanin da ke cikinsa. Idan an yi haka sau biyu jini bai tsaya ba, a nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.

Kada a sha asfirin don ciwon, domin yana hana filatilet mannewa. Masu hawan jini, da masu ciwon suga, da masu sikila, da masu juna biyu, da masu shan maganin tsinka jini, da waɗanda jininsu kan daɗe bai tsaya ba idan sun yanke, wajibi ne su gaya wa likita tun kafin a taɓa haƙorin.

Ciwo da kumburi

Ciwo na kwana biyu ko uku abu ne da aka saba gani. Farasitamol yakan wadatar. Baligi kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24, domin fiye da haka yana lalata hanta. Ibufurofen ma yana aiki, amma a sha shi bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada ya sha sai da izinin likita. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara saɓewa. Ɗora ƙyalle mai sanyi a kunci a ranar farko yana rage shi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: ciwon da ke raguwa kullum alamar warkewa ce, wanda ke ƙaruwa kuwa yana buƙatar likita.

Busasshen gurbi

Wani lokaci gudan jini yakan fita ko ya narke kafin lokacinsa, sai ƙashi ya zauna a fili. Wannan shi ne busasshen gurbi, sunan da wani likitan haƙori mai suna Crawford ya ba matsalar a shekarar 1896. Alamarsa ita ce mutum ya fara samun sauƙi, sai a rana ta biyu zuwa ta huɗu azababben ciwo ya taso, yana harbawa har kunne, baki yana wari, magani kuma ba ya kwantar da shi. An fi samun sa a matauni na can ƙuryar muƙamuƙin ƙasa, kuma ya fi kama masu shan sigari.

Maganinsa yana wurin likita: zai wanke gurbin, ya sa wani abin rufi mai kashe zafi. Galibin irin wannan abin rufi yana ɗauke da yujinol, sinadarin da ke cikin kanumfari. Wannan ya nuna cewa kakanninmu da ke sa kanumfari a haƙori mai ciwo suna da hujja. Amma cusa garin kanumfari ko kanwa ko taba a cikin buɗaɗɗen rauni ƙazanta yake ƙarawa. Ruwan batir da fetur da ƙwayar asfirin da wasu ke ɗorawa kuwa ƙona dasashi suke yi.

Alamomin haɗari

Baki matattarar ƙwayoyin cuta ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga gurbi, mugunya na iya taruwa ta bazu zuwa ƙarƙashin harshe da haɓa. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1836, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Kumburin yakan tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi, kuma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Saboda haka a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko ya gangara wuya, ko ya hau wajen ido.
2. Wahalar haɗiya ko numfashi, ko sauyawar murya.
3. Zazzaɓi da rawar ɗari, ko mugunya daga gurbi.
4. Bakin da ke ƙara ƙin buɗuwa.
5. Ƙuraje ko kumburin leɓe bayan shan magani.

Akwai wasu alamomi biyu da su ma ke buƙatar komawa wurin likita. Idan leɓen ƙasa ko harshe bai farfaɗo ba har washegari, wataƙila an taɓa jijiya. Idan kuma matauni na sama aka cire, sai aka ga ruwan da aka sha yana fitowa ta hanci, to an sami ƙofa tsakanin baki da kogon da ke cikin ƙashin kunci. Mai wannan kada ya fyace hanci da ƙarfi. Manyan asibitoci irin su na Rasheed Shekoni a Dutse da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano su ne wuraren da akan tura matsalar da ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti.

Game da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba kowane cire haƙori ne ke buƙatar sa ba. Sayen kafso biyu ko uku a kemis ko a tiren mai talla yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne. Idan likita ya rubuta, a sha yadda ya ce.

Ciko da masu cire haƙori a kasuwa

Wanda aka yi wa ciko yana iya jin tsami idan ya sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki ko makonni. Amma idan cikon ne ke fara taɓa haƙorin da ke fuskantarsa in an rufe baki, ko ciwo na tayar da mutum daga barci, sai a koma a gyara.

Masu cire haƙori a kasuwa kuwa, waɗanda wasunsu ke nuna wa mutane wai tsutsar da suka fitar, haɗarinsu babba ne. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukari ya zama asid, shi kuma ya cinye haƙori ya yi kogo. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau da sarƙe-haƙora, sannan akan karya haƙori a bar saiwa a ciki.

Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. Ke nan da wuya a sami gidan da wannan darasi bai shafa ba. A ƙauyuka da yawa, ɗalibin sakandare shi ne ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta. Ya kamata ya iya bayyana wa iyayensa dalilin kare gudan jini, ya kuma gane ranar da za a nemi mota ba tare da jinkiri ba. Malamai na iya amfani da ranar 20 ga Maris, wato Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, su tattauna wannan batu a aji.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda gudan jini ke haɗuwa, ka kawo amfaninsa uku.
2. Me ya sa ba a shan asfirin bayan cire haƙori?
3. Ta yaya za ka bambanta ciwon da aka saba gani da na busasshen gurbi?
4. Kawo alamomi huɗu da ke wajabta garzayawa asibiti.
5. Tambayi dattawan unguwarku abubuwan da ake sa wa haƙori mai ciwo, ka rubuta su, sannan ku tantance a aji waɗanda ke iya cutarwa.