Haƙƙin Mai Jinya A Kan Dangi

Darasinmu na wannan mako a kan mai jinya ne.

Shanyewar ɓarin jiki takan auku idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. Wanda abin ya kwantar sai an ciyar da shi, an yi masa wanka, ana juya shi kamar kowace awa 2 don gudun gyambon kwanciya. Sau da yawa mace guda ake bar wa wannan ɗawainiya shekara da shekaru, 'yan dubiya su yi sannu su watse.

To, malamai sun ce jinya farillar kifaya ce. In aka yi sakaci da ita, zunubin ya hau kowa. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba, shekara ta 2 bayan Hijira, saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, amma Annabi (SAW) ya ba shi rabon ganima da albishirin ladan mahalarta.

Saboda haka ku karɓe ta ko da kwana guda, ta samu barci. Ku raba kuɗin magani da na gashin ƙashi. Ita ma ku tambayi lafiyarta. Allah Ya sa mu dace, amin.