Shawarwari 14 Ga Mai Neman Natsuwa A Bakin Ruwa Da Fatsa

Akwai wani irin kamun kifi da ba a sa tana ko ƙullun gari a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake naɗa mata har ta yi kama da ƙwaro, a ɗora ta a hankali a kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. An fi saninsa a kogunan Ingila da Amurka da Japan, kuma daɗaɗɗe ne. Tun wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin masuntan Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya. A 1653 kuma Izaak Walton ya fitar da littafinsa The Compleat Angler a Ingila, inda ya ɗauki kamun kifi a matsayin shaƙatawar mai son tunani.

Na gwada shi a namu ruwan, ya kuwa karɓe ni, domin kawara da karfasa ma suna cin ƙwari a saman ruwa. Duk ranar da hayaniyar gari da lissafin cefane suka cika mini kai, awa biyu a bakin ruwa sukan sauke mini nauyin. Ga abin da na koya, don kada ku sha wahalar da na sha.

1. Ku fara da sanda da zare da ƙugiya kawai.
Masuntan duwatsun Japan suna da salon da suke kira tenkara, wanda babu na'urar naɗe zare a cikinsa, kuma kusan fatsarmu ce ta gargajiya. Ku nemi gora siririya mai lanƙwasa, tsawon mita 3 zuwa 4, ku ɗaura zare mai ɗan kauri daidai tsawonta, sannan ku ƙara siririn zaren kamun kifi kamu biyu a ƙarshe. Kaurin zaren nan shi ke kai ƙwaron gaba, tunda ƙwaron kansa ba shi da nauyin da za a jefa.

2. Ku ɗaura ƙwaronku da kanku a gida.
Ranar da aka yanka zakara ko zabo, ku ware gashin wuya ku wanke ku shanya. Ku naɗa baƙin zaren ɗinki a jikin ƙaramar ƙugiya ya zama gangar jiki, ku zagaya gashi ɗaya sau uku kusa da idonta har ya baje kamar ƙafafu, ku ƙulle. Aikin nan na bayan sallar Isha'i ne, kuma tun daga nan natsuwar take farawa, don ba ya yiwuwa da gaggawa.

3. Ku danne ƙayar ƙugiya, ku sa hula da tabarau.
Da filaya za ku matse ƙaramar ƙayar da ke bayan tsinin ƙugiya har ta kwanta. Ta haka idan ƙugiyar ta shiga yatsa ko kunnen yaro za ta fita ba tare da tsaga ba, haka ma a bakin kifin da kuke son saki. Iska takan juyo da zare fuska ba sanarwa, shi ya sa hula da tabarau suka zama dole.

4. Ku koyi jifa a tsakar gida tukuna.
Ku ɗaura guntun ƙyalle a madadin ƙugiya, ku ajiye faranti taku shida a gabanku. Ku ɗaga sanda sama zuwa saitin kunne, ku ɗan dakata zaren ya miƙe a baya, sannan ku sauke ta gaba da wuyan hannu. Idan kun ji zare ya yi ƙara kamar bulala, kun yi sauri, sai ku ƙara tsawon dakatawar.

5. Ku zaɓi ruwan da ke kusa, ku gaida masu shi.
Mutanen Kano suna da Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa a Ƙaraye, na Sakkwato suna da Goronyo a kan kogin Rima, amma ƙaramin rafin bayan gari da za ku iya zuwa duk mako ya fi babban dam na sau ɗaya a shekara. Kafin ku jiƙa ƙugiya, ku je ku gaida Sarkin Ruwa ko dattawan masunta ku faɗi abin da ya kawo ku. Su za su nuna muku inda aka kafa taru da inda aka hana kamu, kuma gaisuwar nan takan buɗe ƙofar ilimin da kuɗi ba ya saye.

6. Ku bi lokacin kifi.
Bayan sallar Asuba da bayan La'asar kifi ya fi tasowa sama, domin lokacin ne ƙwari ke yawo kuma rana ba ta da zafi. Da hunturu ku jira rana ta ɗan ɗumama ruwa, saboda karfasa ba ta cin abinci sosai cikin sanyi. Idan ruwan farko ya sauka gina ta fito, ku bar komai ku tafi, don ranar kifi ido a sama yake.

7. Ku kashe ƙarar waya, ku sa ta a leda cikin jaka.
Ku faɗa wa mutanen gida inda za ku da lokacin dawowa, shi ke nan an fita hakkin kowa. Kira ɗaya kan bashi ko kasuwa ya isa ya mayar da ku cikin garin da kuka baro. Ledar kuma za ta kare wayar idan jaka ta jiƙe.

8. Ku zauna minti 15 kuna kallo kafin jifan farko.
Ku duba inda ruwa ke yin zobe yana faɗaɗa, wannan kifi ne ya ɗauki ƙwaro. Ku lura da mazari da ke shawagi kan ciyawa, da farar da iska ta jefa ruwa tana shure-shure, da inuwar bishiyar da ƙananan kawara suka taru a ƙarƙashinta. Ido na wannan aiki, zuciya na lafawa, kuma za ku san girma da launin ƙwaron da ya kamata ku ɗaura.

9. Ku yi koyi da zalɓe.
Ku kalli yadda yake ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye ba tare da ya kaɗa ruwa ba, sannan ya tsaya cik. Kifi yana jin takun ƙafa ta ƙasa, yana kuma ganin inuwa, don haka ku taka a hankali ku tsaya inda inuwarku ba ta faɗa kan ruwa. Farar riga ku bar ta don Juma'a, ku sa mai launin ƙasa.

10. Ku haɗa jifa da numfashi.
Ku ja numfashi yayin ɗaga sanda, ku sake shi yayin da ƙwaron ke sauka, sannan ku bi shi da ido har ruwa ya tafi da shi. Tunanin kuɗin makaranta zai zo, ku bar shi ya wuce ku mayar da ido kan gashin nan da ke yawo. Mai son tasbihi ya samu wurin yi, ga halittar Allah a gabansa iri-iri.

11. Ku tsaya a gaɓa, kada ku shiga ruwa.
Turawa sukan shiga kogi har ƙugu saboda ruwansu mai sanyi ne mai gudu, namu kuwa na dam da kududdufi yana iya ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ba tare da an ji ba, daga baya a ga jini a fitsari. Duk wanda ya ga haka ya je asibiti a auna shi, akwai magani mai sauƙi, kuma takalmin roba dogo yana rage haɗari idan gaɓar da taɓo.

12. Ku tambayi halin ruwan kafin ku saki jiki.
Akwai dorina a dam ɗin Dadin Kowa a Gombe, akwai kuma kada a ruwaye da yawa, kuma masunta sun san mazauninsu. A ƙasan dam ruwa kan ƙaru farat ɗaya idan an buɗe ƙofofi, haka rafi a watan Agusta ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba. Ku tashi kafin Magariba ta yi duhu, ku tsira daga sauro da macijin hanya.

13. Ku je da yaro ɗaya, ku ba shi aiki.
Yara uku a bakin ruwa gadi ne za ku yi, yaro ɗaya kuwa abokin hira ne. Ku zaunar da shi gefen da ba ku jifa, ku ce ya ƙirga zoben kifi ko ya faɗi sunan tsuntsayen da ya gani, balbela ce ko shamuwa. A irin zaman nan ne yaro kan faɗi abin da ke damunsa wanda ba zai taɓa faɗa a falo ba.

14. Ku ɗauki na miya, ku mayar da saura.
Ku jiƙa hannu kafin ku taɓa kifin da za ku saki, domin busasshen hannu yana goge santsin da ke kare jikinsa, ku kuma yi hattara da ƙayar tarwaɗa da ƙurungu. Idan kun buɗe bakin karfasa kun ga ƙwai jere kamar gero, uwa ce, a baki take renon 'ya'yanta, ku mayar da ita nan take. Guntun zare da leda kuma ku kwashe ku tafi da su, don suna sarƙe ƙafar tsuntsu.

Za a yi ranar da za ku dawo jaka ba ko kifi ɗaya. Kada ku ce an yi asara: kun ga fitowar rana a kan ruwa, kun ji kukan tsuntsu, ƙirjinku ya yi sauƙi, kuma mutanen gida za su ga hakan a fuskarku tun daga ƙofa. Ku shanya zaren a inuwa, ku soke ƙwarin a jikin guntun soso don kada ƙugiya ta yi tsatsa, ku jingine gorar a bayan ƙofa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ruwan yana nan.